Masu bina bashi sun watsa katina da takardar rancena a WhatsApp: ina da bakin kai ƙara?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Marwa ta Kamaru, atamfa da shadda nake sayarwa. Na karɓi rancen sefa 800,000 a wani gidan mikrofinans, kasuwa ta tsaya, na yi jinkirin zubi wata biyu. Sai ma'aikacinsu ya saka hoton katina na ɗan ƙasa da takardar rancen da adadin da ya rage a kaina a guruf ɗin WhatsApp na 'yan layinmu, ya rubuta wai a yi hattara da ni. Mai ba ni kaya bashi ya janye, surukaina ma sun ji. Zan iya kai su ƙara, ko tunda da gaske ana bina sai haƙuri?

Amsa: Malam, za ka iya. Bashi daban, sirri daban. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma jinkirin zubi bai sa asirinka ya zama kayan wanda ke binka ba. Doka ta shimfiɗa wa mai bin bashi hanyarsa: ya aiko maka takardar gargaɗi, in ba ka biya ba ya nemi umarnin biya daga kotu a ƙarƙashin dokokin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai ɗaya da Kamaru da wasu ƙasashen Afirka ke aiki da su, ya taɓa jinginar da ka ajiye. Akwai kuma waɗanda ya halatta ya sanar da su, kamar wanda ya tsaya maka lamuni, wanda ma wajibi ne a gaya masa ka gaza biya, da alƙali, da hukumar haraji, da masu sa ido kan bankuna irin su BEAC da COBAC. 'Yan layinku da surukanka ba sa cikin wannan jerin.

Amma kafin mu je ga sassan doka, ga abin da ya fi gaggawa, domin irin wannan shari'a a kwanakin farko ake cinta ko a faɗi.

Kada ka fita daga guruf ɗin, kada ka goge komai, kada ka sake waya, kada kuma ka mayar da martani a ciki. WhatsApp yana ba wanda ya tura saƙo kimanin kwana biyu ya goge shi ga kowa, kuma idan an kunna saƙonni masu ɓacewa da kansu, abin zai iya tafiya bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Kamfanin waya ba zai iya dawo maka da shi ba, domin abin da ake rubutawa a WhatsApp a kulle yake tafiya, su ba sa ganin cikinsa. Don haka yau ɗin nan ka ɗauki hoton allon wayarka ta yadda za a ga abu huɗu: saƙon kansa, ranar da lokacin, sunan guruf da yawan mutanen da ke ciki, da lambar wanda ya turo. Wannan na ƙarshe shi mutane suka fi yin sake da shi. Idan ka adana mutumin da suna a wayarka, sunan da kai ka rubuta ne zai bayyana, kuma lauyansu zai ce kowa zai iya rubuta kowane suna. Buɗe bayanan mai lambar ka ɗauki hoton lambar tsirararta. Ka fitar da hirar gaba ɗaya tare da hotunanta ka tura wa kanka ta imel, ka sauke hoton katin da na takardar yadda aka turo su.

Daga nan ka ɗauki wayar ka je ofishin huissier, wato ma'aikacin shari'a mai rantsuwa da ke kai sammaci yana kuma rubuta abin da ya gani da idonsa. Ka ce kana son constat. Zai duba wayar, ya rubuta lambarka da lambar mai turawa da abin da saƙon ya ƙunsa, ya haɗa hotuna, ya buga hatimi. Hoton allo da ka ɗauka da kanka ana iya cewa haɗa shi aka yi, amma takardar huissier alƙali yana ɗaukarta da nauyi, sai wanda ya musanta ya kawo hujjar da ta karya ta. Kuɗinta ya danganta da ofishi da yawan shafuka, ka tambayi farashi tun kafin a fara, ka karɓi rasit, domin za ka sa shi cikin abin da kake nema a biya ka. In da hali, a yi wa wayar mutum na biyu daga cikin 'yan guruf irin wannan duba, saboda shi ke nuna saƙon ya kai ga wasu, ba kai kaɗai ka gani ba. Ka kuma nemi mutum biyu ko uku da za su yarda su tsaya shaida. Ka tambaye su tun yanzu da abin ke da zafi. Bayan wata shida kowa zai ce ba ya son shiga rigimar kotu.

Idan suka musa cewa lambar ta ma'aikacinsu ce, akwai mafita. Kowane layi a Kamaru da katin shaida ake masa rajista, kuma dokar 2010 kan laifukan intanet ta tilasta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan haɗin layi shekara 10. Kai ba za su ba ka ba, sai da takardar buƙata daga mai gabatar da ƙara ko alƙalin bincike. Wannan yana cikin dalilan da ke sa wasu su zaɓi hanyar ƙarar laifi.

Sai ka ɗauko kwafin yarjejeniyar rancen, a karanta maka ita layi-layi in Faransancinka bai kai ba. Abin da za su fara karewa da shi shi ne ka sa hannu ka yarda. Yawancin irin waɗannan takardu suna da sakin layi da ke ba su izinin miƙa bayananka ga rumbun bayanan masu cin bashi ko ga wanda zai karɓo musu bashin. Wannan izini ne na abu takamaimai, ga mutane takamaimai. Bai zama izinin tallata ka a kasuwa ba. Idan ba su ba ka kwafi ba tun farko, ka nema a rubuce.

Yanzu ga dokokin da za ka tsaya a kansu.

Na farko, sashe na 310 na kundin hukunta laifuka na 2016, kan sirrin sana'a. Duk wanda ya bayyana wani sirri da bai san shi ba sai ta dalilin aikinsa, ba da izinin mai sirrin ba, hukuncinsa ɗaurin wata 3 zuwa shekara 3 da tarar sefa 20,000 zuwa 100,000. Tarar ba ta taka kara ta karya ba, amma ɗaurin shi ke sa manaja ya ɗaga waya ya nemi sulhu. Wannan sashe shi ne kuma ke kama ma'aikacin asibiti ko na kantin magani da ya faɗi ciwon mutum. Ƙari a kan wannan sashe akwai dokar sirrin banki ta 27 ga Afrilu 2022, wadda ta maye gurbin ta 2003, kuma ta haɗa da gidajen mikrofinans da masu hada-hadar kuɗi ta waya. Adadin rancenka, abin da ya rage, ranar da ka yi jinkiri, duk sirrin banki ne.

Na biyu, doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 kan laifukan intanet. Sashe na 74 ya hukunta wanda ya keta sirrin rayuwar wani ta hanyar ɗauka ko naɗa ko tura bayanansa na sirri ta na'ura ba da yardarsa ba: ɗaurin shekara 1 zuwa 2 da tarar sefa miliyan 1 zuwa miliyan 5. Sashe na 41 na wannan doka ya ce kowa yana da haƙƙin a mutunta sirrin rayuwarsa, kuma alƙali zai iya ɗaukar matakin gaggawa, har da ƙwace abu, don tsayar da ketawar. Ka riƙe wannan sashe, za mu dawo kansa.

Na uku, sabuwar dokar kare bayanan mutum, mai lamba 2024/017 ta 23 ga Disamba 2024. Ita ce ta fito fili ta ce bayanan da aka karɓa don wata manufa ba a juya su zuwa wata, ta ba ka haƙƙin sanin abin da suka ajiye a kanka, da neman a gyara ko a goge, ta kuma tanadi hukuma ta musamman mai karɓar koke da cin tara. An ba kamfanoni wata 18 su daidaita aikinsu, wa'adin da ya faɗa a watan Yunin 2026. Ka ambace ta a takardunka, amma shawarata kada ka ɗora ƙarar a kanta ita kaɗai. Sabuwa ce, alƙalai kuwa sun fi sakin jiki da sassan da suka daɗe suna yanke hukunci da su.

Na huɗu shi ne wanda kuɗi ke fitowa ta cikinsa: sashe na 1382 na Code civil, wato kundin dokokin mu'amala tsakanin mutane, wanda ya ce duk wanda laifinsa ya jawo wa wani cuta sai ya biya diyya, da sashe na 1384 da ya ɗora wa ubangida alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a bakin aiki. Za su ce ma'aikacin da wayarsa ya yi, ba su suka sa shi ba, har ma sun kore shi. Wannan bai wanke su ba. Ina ya samo hoton katinka in ba a fayil ɗinsu ba? Bashin wa yake nema? Idan ka kai ma'aikacin shi kaɗai, ka bar jaki kana dukan taiki: za ka iya cin shari'a ka tarar ba shi da abin biya. Ka sa sunan gidan rancen a ƙarar a matsayin mai ɗaukar alhakin diyya. Tun 2016 ma kamfani kansa ana iya tuhumarsa da laifi a ƙarƙashin sashe na 74-1 na kundin hukunta laifuka.

Akwai tarko ɗaya. Mutane da yawa suna zuwa komisariya su ce an ɓata musu suna, sai a rubuta ƙarar a kan sashe na 305 na kundin hukunta laifuka. Wannan sashe wa'adinsa wata 4 ne kacal daga ranar da aka yi abin ko daga matakin shari'a na ƙarshe, alhali sauran laifukan da na lissafa shekara 3 ne. Fayil ya kwana a tebur wata biyar, shi ke nan ya mutu. Ga shi kuma ɓata suna yana jawo gardamar gaskiya ne ko ƙarya ne, gardamar da ba ka bukata, tunda kai ba ka musun bashin. Kalmar “a yi hattara da shi” za ta iya shiga ɓata suna, lauya zai iya ƙara ta a gefe, amma ginshiƙin ƙararka tona sirri ne, kuma a nan kasancewar maganar gaskiya ce ba kariya ba ce.

Matakin farko a aikace shi ne takardar gargaɗi, mise en demeure, zuwa ga shugaban gidan rancen, ba ga ma'aikacin ba. Shafi ɗaya ya isa. A rubuta ranar da abin ya faru, lambar da ta tura, abin da aka tura, sassan dokar, sai abin da kake nema: a goge saƙon, a rubuta janyewa da ban haƙuri a guruf ɗin da aka yi abin, a gaya maka a rubuce su wa aka tura wa bayananka, a biya diyya adadi kaza. Ka ba su kwana 8 ko 15. Ko huissier ya kai, ko ka kai da kanka kwafi biyu a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a naka. Idan reshe ne, ka aika kwafi hedikwata, a Duwala take ko Yawunde ko Bamenda, domin sau da yawa shugaban reshe ɓoye irin wannan yake yi. Ka lura da jerin: constat tukuna, gargaɗi daga baya. In ka fara gargaɗi, gogewa za su yi su ce ba a yi ba. Amsar da za su ba ka ma hujja ce; wasiƙar da ta ce “mun hukunta ma'aikacin” amsa laifi ce a rubuce.

Idan suka yi shiru, ƙarar laifi tana da ƙofa uku. Ta farko, koke ga procureur, wato mai gabatar da ƙara, a kotun Marwa, ko ta komisariya ko jandarma. Ba ta da tsada, amma shi ke da ikon ci gaba ko ajiye fayil. Ka rubuta koken ka kai, kada ka dogara da bayanin baki, ka karɓi lambar rajista, kuma kada ka sa hannu a takardar bayaninka sai an karanta maka an fassara. Ta biyu, koke ga alƙalin bincike tare da neman diyya, inda za ka ajiye kuɗin da zai yanka a wurin magatakardan kotu. Tana da jinkiri, amma ita ta dace idan ana bukatar a tono mai lambar ko a binciki wanda ya ba da umarni daga sama. Ta uku, sammaci kai tsaye ta hannun huissier, ka gurfanar da su gaban kotu ba tare da bincike ba. Ta fi sauri, kuma ta dace da kai idan constat ɗinka ya nuna komai kuma ka san cikakken sunan ma'aikacin da inda yake. Haɗarinta shi ne nauyin hujja duka a kanka yake, in suka kuɓuta za su iya juyowa su nemi diyya a wurinka. Idan hukunci bai yi maka ba, kwana 10 ne wa'adin ɗaukaka ƙara a shari'ar laifi, kada ka tsaya jiran a buga maka kwafin hukunci.

Za ka iya kuma barin maganar ɗauri ka nemi diyya kawai. Abin da bai wuce sefa miliyan 10 ba yana zuwa ƙaramar kotu, Tribunal de première instance, abin da ya haura sai babbar kotu, Tribunal de grande instance na Diamaré, yankin da Marwa take. Idan ka buɗe ƙarar laifi da ta diyya a kotuna biyu, ta diyya za ta tsaya sai an gama ta laifi, don haka yawanci ya fi sauƙi ka nemi diyyar a cikin ƙarar laifin. Idan kuwa har yanzu suna ci gaba da turawa, ko sun yi barazanar liƙa hotonka a ƙofar ofis, lauya zai shigar da référé gaban shugaban kotu, shari'ar gaggawa da ake saurara cikin kwanaki. A nan sashe na 41 ke aiki. A roƙi umarnin dainawa da gogewa tare da tarar kowace ranar jinkiri, domin umarnin da ba tara a bayansa ba ya tsorata kowa.

Maganar diyya tana son natsuwa. Kashi biyu ce: asarar dukiya da zubewar mutunci. Ta mutunci alƙali ne ke kimantawa da ganinsa, kuma kada ka sa rai da abin da zai sa ka rufe shago. Ta dukiya ita ake iya ƙirgawa, kuma ita 'yan kasuwarmu suka fi kasa tabbatarwa saboda harka ta amana ce ba rubutu. Mai ba ka kaya ya janye: tun yaushe yake ba ka, bandir nawa a wata, ribar nawa kake samu a kai? Ka tattara littafin shago, rasit, saƙonnin tura kuɗi ta waya na wata shida kafin abin da na bayansa. Idan ta saƙo ya gaya maka ya janye saboda abin da ya gani a guruf, wannan saƙon ya fi shaidu uku, a sa shi cikin constat. In an cire ka daga adashi, uwar adashi ko shugabansa ya rubuta dalili. Dole ka nuna igiyar da ta haɗa saƙon da asarar, domin za su ce kasuwarka ta riga ta faɗi tun kafin nan, shi ya sa ma ka kasa zubi. Kada kuma ka rubuta miliyan 100 don huce haushi. Kuɗin da ake ajiyewa a kotu yana hawa da yawan abin da ka nema. Wanda ba shi da ƙarfi zai iya neman taimakon shari'a a ƙarƙashin dokar 14 ga Afrilu 2009, ana ajiye takardar nema a sakatariyar kwamitin da ke kotun.

Kwafin kokenka ga COBAC, wadda ke sa ido kan bankuna da gidajen mikrofinans a ƙasashen CEMAC, wato ƙasashen tsakiyar Afirka masu amfani da sefa, ba zai kawo maka kuɗi kai tsaye ba, amma gidan rance yana tsoron mai riƙe da lasisinsa fiye da yadda yake tsoron kotu. Akwai ƙa'idar CEMAC ta 2020 kan kare abokan hulɗar bankuna da ta wajabta musu karɓar koke da amsa shi. Da kamfanin waya ne ya yi maka haka, ART, hukumar sa ido kan kamfanonin sadarwa, za ka nufa. Da asibiti ne, ƙungiyar likitoci ta ƙasa.

Mai yiwuwa kafin a kai ko'ina a turo maka manya, sarkin kasuwa ko liman ko lawan, a ce a rufa wa juna asiri. Ba laifi, sau da yawa ma sulhu ya fi hukunci amfani ga ɗan kasuwa, domin ban haƙuri a gaban 'yan layi shi ke dawo da masu ba da kaya. Sharaɗi dai a rubuta. Takardar ta faɗi kalmomin janyewar da ranar da za a saka su, adadin diyya ko abin da za a yafe daga bashin da kuɗin jinkiri, sabon jadawalin zubi, kuma wanda ke da ikon sa hannu da sunan gidan ne zai sa, da hatimi. Kada ka sa hannu kan cewa ka yafe duk wani haƙƙi sai abin da aka yi alkawari ya shigo hannunka.

Abu biyu ke juya irin wannan shari'a ta koma kan mai ita. Ɗaya ramuwa: ka hau Facebook ka kira su ɓarayi, ko ka saka hoton ma'aikacin. Sashe na 78 na dokar 2010 yana hukunta yaɗa labarin da ba za ka iya tabbatarwa ba da ɗaurin wata 6 zuwa shekara 2 da tarar miliyan 5 zuwa 10, kuma cewa “ku biya ni ko in tona ku” ana iya ɗaukarsa barazanar karɓar kuɗi. Ɗayan shi ne daina zubi da sunan ai sun cuce ka. Diyyarka ba ta zama kuɗi ba sai alƙali ya yanke ko an rubuta a sulhu, bashinsu kuwa yana nan da ranarsa. Ka ci gaba da biyan abin da za ka iya, a ofis, da rasit, ba a hannun ma'aikaci a kasuwa ba.

Hoton katinka yanzu yana wayoyin da ba ka san adadinsu ba, kuma da irinsa ake yi wa layi rajista a damfari mutane. Ka je ofishin MTN da Orange da Camtel da katinka ka nemi a duba layukan da ke kan sunanka, a rufe wanda ba naka ba, ka sake lambar sirrin asusun kuɗinka na waya, ka kuma sa a rubuta a kokenka cewa katin ya fita, da kwanan wata, don ranar da wani zai yi ɓarna da shi.

Ga 'yan uwa na Kuseri, garin da ke kan iyakar Cadi, da ke hulɗa da gidajen kuɗi a tsallaken gada: idan a Njamena aka yi abin, dokar Cadi ce za ta yi aiki, wato doka mai lamba 007/PR/2015 kan kare bayanan mutum, kuma hukumar ANSICE ce ke kula da ita. COBAC da OHADA duk ɗaya ne a ƙasashen biyu, haka ma aikin huissier, amma lambobin sassan hukunci da wa'adin da na kawo a sama na Kamaru ne, sai lauyan can ya ba ka nasu.